Littattafan Martin ko Game of Thrones: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai shiga duniyar Westeros, ƙirƙirarriyar ƙasar da labarin Game of Thrones yake faruwa a cikinta, amsata ɗaya ce: ya sayi littattafan. Fim ɗin HBO mai dogon zango, wanda ya fara a 2011 ya ƙare a 2019, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma zangunan farko sun bi sawun marubucin littattafan, George R. R. Martin, sosai. Amma in tarihin ƙasar kake nema, da salsalar gidajen sarautarta da tatsuniyoyinta, tsakure kawai fim ɗin ya kawo maka.

Littattafai biyar ne suka fito, daga A Game of Thrones na 1996 zuwa A Dance with Dragons na 2011. Kowane babi ta idon mutum ɗaya ake ba da shi, kana jin tsoronsa, kana ganin ƙaryar da yake yi wa kansa. A nan ne za ka gane cewa ba Bran ɗan gidan Stark kaɗai ke da alaƙar ruhi da kerkecinsa ba. 'Yan'uwansa Arya da Jon ma suna mafarki a jikin nasu kerkecin. A nan ne Catelyn Stark, uwar Bran da Arya, take tashi daga mutuwa bayan yankan ragon da aka yi wa gidanta a wurin biki. Wani mayaƙi, Beric Dondarrion, ya ba da ransa dominta, ta miƙe da yankakken maƙogwaro tana rataye 'yan gidan Frey da duk wanda ya haɗa baki da su. Masu fim sun share ta gaba ɗaya, kamar yadda suka share saurayin nan da ake cewa shi ne Aegon ɗan Yarima Rhaegar na gidan Targaryen, waɗanda aka hamɓarar daga sarauta.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Dorne, masarautar kudancin Westeros. A littafi, Yarima Doran Martell dattijo ne mai ciwon gaɓoɓi, ana ganinsa kamar rago, alhali shekaru ya kwashe yana ƙulla ramuwar jinin 'yar'uwarsa Elia. Ya tura ɗansa Quentyn a ɓoye wurin Daenerys, 'yar gidan Targaryen mai neman ƙwato sarautar gidansu. 'Yarsa Arianne ce magajiya, domin a Dorne babba ke gado, mace ko namiji. Fim ya cire Arianne, ya cire Quentyn, ya kashe Doran a farkon zango na 6. Hatta Night King, jagoran rundunar matattu, da aka cika allo da shi, a littafi babu shi a haka. Abin da ke akwai tsohuwar tatsuniya ce ta kwamanda na 13 na masu gadin Katanga, bangon ƙanƙara da ke arewacin Westeros.

The World of Ice & Fire na 2014, littafin tarihin duniyar labarin, yana da zane masu kyau, amma na bayan an gama karatu ne. Fire & Blood na 2018, tushen fim ɗin House of the Dragon, tarihin gidan Targaryen ne zalla, kada ka fara da shi. Littattafan nan biyar na sauraro da muryar Roy Dotrice sun dace da mai doguwar tafiya.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Za ka ga kwali mai juzu'i bakwai, mai shago ya rantse maka cewa labarin ya kammala. Bai kammala ba. Bugun Ingila na HarperVoyager ne ya raba littafi na uku da na biyar gida biyu-biyu, sai biyar suka koma bakwai. Bugun Amurka na Bantam biyar ne, kuma abin da ke ciki ɗaya ne. The Winds of Winter, na shida, bai fito ba har zuwa wannan rubutu. Duk wanda ya tura maka shi a WhatsApp ko ya ce ka biya ta intanet, ɗan damfara ne. 'Yan babuka kawai Martin ya saki na ɗanɗano, sauran ƙirƙirar masoya ce.

Jabun bugu kuwa ya cika kasuwa, kuma ni ya taɓa ƙona ni. Wani shago ya sayar mini da kwali a rufe da leda, da araha. A tsakiyar A Storm of Swords shafuka suka tsallake, wasu suka maimaita kansu, tawada ta dishe har sai na kai takardar bakin taga kafin in karanta. Araha ba ta ado. Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai an yage leda a gabana. Ka duba taswira a farkon littafi, sunayen garuruwa su fito tas. Ka juya ƙarshe ka tabbatar akwai jerin gidajen sarauta da mutanensu, domin ba tare da shi ba za ka ɓace a cikin ɗaruruwan sunaye. Ka ɗaga shafi ɗaya sama. In rubutun baya yana hudowa, ajiye. Ka buɗe tsakiya ka ga ko gam zai saki. Na gwanjo na asali, ko bangonsa ya tsufa, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba.

In kuma fim ɗin ka zaɓa a wurin masu turi a waya, ƙirga kafin ka bar shagon: zango na 1 zuwa na 6 kashi 10 kowanne, na 7 kashi 7, na 8 kashi 6, jimilla 73. Kuma akwai tsiraici da zubar da jini sosai a ciki, kada ka kunna shi a falo gaban yara.