Tablet ko na'urar karatu: abin dubawa kafin ka ƙirga wa ɗan kasuwa kuɗi

Kafin ka nufi Babbar Kasuwa ta Yamai, ko ka aika wa ɗan'uwa a Faransa ya sayo maka, buɗe wayarka ka duba littattafan da ka tara. Ƙirga nawa ne rubutu zalla, irin EPUB da labaran Hausa masu yawo a WhatsApp, nawa ne kuma PDF da hoton shafi kawai aka ɗauka, kamar darussan da ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni ke tura wa juna ko littattafan fiƙihu na Larabci. In hoton shafi ya fi yawa, magana ta ƙare: nemi tablet mai inci 10 ko 11 ta sanannen kamfani, Samsung ko Lenovo. Hoton shafi ba ya sake jeruwa, a ƙaramin gilashi sai ka yi ta ja da yatsa har ka gaji. In kuwa rubutu zalla ya fi yawa, na'urar karatu ce taka, wadda masu Faransanci ke kira liseuse.

Gilashin na'urar karatu ba fitila ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a cikinsa, wuta ke tura su sama ko ƙasa lokacin da ka juya shafi, daga nan su tsaya cik ba tare da shan batir ba. Shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni, alhali tablet kullum tana neman soket. Wanda ya san yadda wuta ke yi a watan Afrilu da Mayu ya san darajar wannan. Kuma a tsakar rana, inda gilashin tablet ke zama madubi, rubutun na'urar karatu ƙara fitowa yake yi.

Batun kuɗin littafi yana ruɗin mutane, don suna zaton tunda babu takarda babu tawada to araha ne. Lokacin da Amazon ya fito da na'urar karatunsa Kindle a 2007, kan dalar Amurka 399, ya riƙa sayar da sababbin littattafai a dala 9.99, wani lokaci ƙasa da yadda ya saro su, don ya kama kasuwa. Da Apple ya zo da iPad a 2010, sai ya shirya da manyan kamfanonin ɗab'i biyar cewa su za su yanka farashi, mai kanti ya ɗauki kashi 30 cikin ɗari. Littafi ya haura zuwa 12.99 da 14.99. Gwamnatin Amurka ta kai ƙara a 2012, kotu ta sami Apple da laifi a 2013, daga baya ya biya dala miliyan 450. Amma har yau littattafan manyan kamfanoni ba su koma araha ba. Abin da gasar ta karya shi ne kuɗin na'urar kanta: a watan Yunin 2010, rana guda, Kindle ta sauko daga dala 259 zuwa 189. Ana sauƙaƙa maka na'ura ne don a riƙe ka a kanti.

Ga mai karatun Faransanci akwai ƙarin abu. Dokar Faransa ta 26 ga Mayu 2011 ta ba kamfanin ɗab'i ikon yanka farashi ɗaya na littafin na'ura, don haka a can duk kantin da ka shiga kuɗin ɗaya ne. Kada wani ya ce maka na'ura kaza ta fi arahar littafi. Yi lissafinka da sefa: yuro ɗaya 655.957 ne, littafin yuro 9.99 ya kama 6,553, na 14.99 kuma 9,833, kusan jika goma ke nan. Sannan kantunan nan katin banki suke karɓa, Visa ko Mastercard, ba su san aiken kuɗi ta waya irin namu ba, kuma wani littafin ba a sayar da shi ga mai adireshin Nijar. Gaskiyar magana, yawancin abin da za ka karanta ta igiyar USB zai shiga, daga kwamfuta, ko daga rumbunan kyauta irin Gallica da Project Gutenberg.

A nan ne na'urar karatu ta kamfanin Kobo ta yi wa sauran fintinkau, musamman Clara BW ta 2024: inci 6, ɗigo 300 a kowane inci, giga 16, bakin caji USB-C, kuma ruwa ba ya shigarta. Ka jona ta da kwamfuta ta buɗe kamar kile USB, ka jefa EPUB, PDF ko TXT, ka cire, shi ke nan. Ba ta karanta fayil ɗin Word kai tsaye, amma manhajar Calibre, wadda kyauta ce, tana mayar da shi EPUB cikin daƙiƙa kaɗan. Littafin labari guda da wuya ya wuce mega ɗaya ko biyu, giga 16 ba za ka cika ta ba. Wi-Fi sau ɗaya take bukata wajen rajistar farko, intanet ɗin wayarka ya isa.

Akwai wani abu da mai sayarwa ba zai taɓa gaya maka ba: haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wasu nau'o'in rubutun da ke zuwa da na'ura ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a wurin harafi, ko harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Maganinsa: sauke nau'in rubutu na Charis SIL ko Andika, buɗe jaka mai suna fonts a cikin na'urar, zuba fayilolin, cire igiya, sannan ka zaɓi sabon rubutun daga cikin littafi. Kobo da Kindle duka suna karɓa.

Kindle Paperwhite na'ura ce mai kyau, kuma ta fi dacewa da Larabci, amma ba ta buɗe EPUB ta igiya sai an juya shi ko an aika ta intanet, kuma tun 26 ga Fabrairun 2025 Amazon ya cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don turawa ta USB. Tablet ɗin Fire ta Amazon ba ta zuwa da Play Store, wuce ta. iPad kuwa, don karatun labari kawai, sayen raƙumi ne don ɗaukar buhu ɗaya.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Yawancin na'urorin karatu da ke shigowa na hannu ne, kuma na hannu sai da gwaji, a gaban mai shi, kafin kuɗi su bar aljihunka. Fara da kashe hasken da aka sa wa na'urar don karatun dare gaba ɗaya. Gilashi na gaskiya rubutunsa na nan raɗau. In ya yi baƙi ƙirin, gilashin tablet ne aka sa wa rigar na'urar karatu. Juya shafi goma a jere kana kallon kusurwoyi. Duk wurin da ya ƙi canzawa, ko zane ya tsaya kamar tsagar ƙwai, to gilashin ciki ya fashe ko da na waje lafiya lau yake, kuma samun madadinsa a nan wahala ne. Ƙure haske, sa ta cikin jaka ko ƙarƙashin riga, ka nemi ɗigo masu ƙyalli, alamar lahani a gilashin. Ɗora ta a kan tebur: in tana rawa ko bayanta ya tasa, batir ya kumbura, zafi ya gama da shi. Kamfanin Kindle kansa iyakar zafin aikin da ya rubuta digiri 35 ne, mu kuwa a Yamai da Tawa muna wuce 40, don haka kada a bar ta cikin mota ko akwatin babur.

Kindle na da tarko na musamman. Wadda aka kai rahoton ɓatanta ko satarta, Amazon na toshe lambarta, ba za ta sake karɓar rajista ba. Kunna intanet ɗin wayarka, cire asusun tsohon mai ita, shigar da naka. In ta ƙi, ajiye masa kayansa, ko da ya rantse cewa rezo ne. In ya ce ai cike take da littattafai kyauta, sani cewa waɗanda aka saya da asusun wani suna tafiya ranar da aka cire asusun. Kuma tsofaffin Kindle na 2012 zuwa baya, irin masu maɓallan rubutu, da yawansu an yanke musu shiga kanti tun Agustan 2022.

Tablet marasa suna sun fi kowa ƙarya. Kwali zai ce giga 512 da RAM 16 a kan kuɗin da bai kai na ƙaramar waya ba. An gyara manhajar ne ta nuna lambar bogi, har wasu manhajojin bincike tana ruɗa su. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka zuba mata bidiyo mai nauyin giga 30 ko 40, sannan ka buɗe na farko da na ƙarshe. In wasu sun ƙi buɗewa, wurin ajiyar ƙarya ne. Shiga Play Store, saituna, sashen bayani, ka duba ko Play Protect ya ce na'urar tana da shaida. In babu, wata rana manhajar banki ko ta karatu za ta ƙi hawa. Katin memori ma haka ake yi masa, a gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta. Kuma ka sa ɗan kasuwa ya rubuta lambar na'urar a kan rasit, tare da kwanakin da ya yarda a dawo da ita, ko da uku ne.