Sharhina kan fim ɗin Rocks, 'yan matan Landan amma kamar na Agege

Fim ɗin nan ba sabo ba ne, tun 2019 aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto, a 2020 ya shiga silima a Ingila, amma ni sai kwanan nan ƙanina ya tura min a waya yana cewa Yaya wannan irin naki ne, babu harbi babu gudun mota. Gaskiyarsa. Wajen awa ɗaya da rabi ne, kuma duk tsawonsa ba wanda ya ɗaga ko wuƙa, amma sai da ya hana ni barci.

Labarin wata yarinya ce 'yar sakandare a unguwar Hackney da ke gabashin Landan, sunanta Olushola, kun ji dai sunan Yarbawa, ƙawayenta na kiranta Rocks. Ta dawo daga makaranta ta tarar uwarsu ta tafi, ta bar 'yar wasiƙa da ɗan kuɗi, ga ƙaninta Emmanuel ƙaramin yaro mai surutu kamar me. Daga nan ta shiga ɓoye-ɓoye, don a can idan hukuma ta gano yara ba babba a gida sai ma'aikatan kula da yara su zo su ɗauke su, kuma ba lallai a ajiye su gida ɗaya ba. Kuɗi ya ƙare, wuta ta ɗauke saboda babu na sa wa mita kati (wallahi nan na yi dariya ni kaɗai, ashe Turawa ma suna shan wannan), sai ta ja yaron suka fara yawon kwana gidan ƙawaye.

Abin da ya kama ni shi ne ƙawancenta da Sumaya, yarinya 'yar Somaliya Musulma mai ɗankwalinta. Ni a Agege ta Legas na tashi, babbar ƙawata tun firamare Bayarabiya ce, uwarta na sayar da kayan miya, tana zuwa gidanmu cin tuwon sallah ni ina zuwa nasu cin amala, don haka da na ga Rocks a gidan su Sumaya, gida cike da dangi ana ta hidima ana magana da yarensu ana tura mata abinci, ita kuma ta yi tsuru tana murmushin dole, na san wannan zaman sarai. Kuma faɗan da suka yi shi ne ya fi komai gaskiya a fim ɗin. Sumaya so take ta taimaka, Rocks kuma ba abin da ta tsana kamar a ji tausayinta, sai ta juye mata da cewa ke ai kina da uwa da uba me kika sani. Haka fa yara mata suke, wadda ta fi kusa da ke ita za ki yi wa rashin mutunci ranar da duniya ta yi miki zafi, kuma gobe ita ɗin ce dai za ta zo nemanki.

Daga baya na gane dalilin da ya sa maganarsu ba ta yi kama da haddar rubutu ba. Yawancin yaran ba 'yan fim ba ne, a makarantu aka zaƙulo su, aka daɗe ana zama da su kafin a gama rubuta labarin. Sarah Gavron ce darakta, Theresa Ikoko wadda ita ma asalinta 'yar Najeriya ce ta rubuta tare da Claire Wilson. Bukky Bakray da ta fito a Rocks wannan ne fim ɗinta na farko, kuma a 2021 ta ci BAFTA, babbar kyautar fina-finai ta Birtaniya, a ɓangaren tauraruwa mai tasowa. Idan kin ga fuskarta lokacin da take yi wa 'yan ajinsu kwalliya don ta samu na kashewa, tana dariya amma ido na can wani wuri, za ki ce ta cancanta.

Yanzu kuma inda bai yi min ba. Turancinsu na 'yan unguwa ne, da sauri, kuma duk a tare suke magana kamar ana rabon kayan biki, in babu rubutun nan na ƙasa rabin maganar wuce ki za ta yi ko da kin yi boko. Kyamara ma ba ta zama wuri ɗaya, wani lokaci ma hoton waya ne a tsaye irin wanda yara ke ɗauka, a ƙaramin allo yana gajiyar da ido. Sannan sabuwar yarinyar nan Roshé da ta ja Rocks suka fara tsallake makaranta, an yi saurin wucewa da labarinta, na so a nuna min gidansu sosai.

Ƙarshen kuma in kin saba da fina-finanmu na Hausa inda dole a yi sulhu a ɗaura aure kowa ya tafi gida, to nan ba haka ba ne. Uwar ba ta dawo ba. Hukuma ta raba Rocks da ƙaninta, sai ƙawayen suka haɗa kuɗi suka hau jirgin ƙasa zuwa garin Hastings a bakin teku inda aka kai yaron, don kawai ta hango shi. Mijina ya ce wannan ai ba a gama fim ba. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai daban ne, a layinmu kafin magariba maƙwabta sun san uwar ba ta nan, wata ta ɗauki yaron wata ta aiko da tuwo, amma fa har ki tsufa ana nuna ki da baki ana cewa 'yar wadda uwarta ta gudu. Ban san wanne Rocks za ta zaɓa ba.

Akwai ashar nan da can irin na yaran makaranta, don haka kar ki kunna a gaban su Baba, ki sa abin kunne. Wadda ke da 'yar shekara goma sha uku zuwa sama kuwa za ku iya kallo tare.