Magani ko horon iyaye: wanne za a fara wa yaro ɗan shekara 5 mai rashin natsuwa?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki shekararsa 5, ba ya iya zama wuri ɗaya, malamarsa ta gaji da kawo ƙararsa, likita kuma ya ce alamun ADHD ne, wato lalurar rashin natsuwa da kasa riƙe hankali wuri ɗaya, har ya taɓo zancen magani. Kina tambaya ki yarda ko ki dakata. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Ga yadda hanyoyin biyu, magani da horon iyaye (wato koya wa iyaye yadda za su tafiyar da yaron), suke idan aka jera su.

Ta fuskar sauri, magani ya yi wa horo nisa. Wanda aka fi ba yara shi ne metilfenidet, da ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta. Yana fara aiki cikin sa'a guda da sha. Mai gajeren zango yakan yi sa'a 3 zuwa 4 a jiki, mai dogon zango ya kai 8 zuwa 12. Aikinsa shi ne ƙara wa ƙwaƙwalwa sinadaran da ke riƙe hankali a kan abu ɗaya, su kuma taka wa gaggawa birki. Idan ya karɓi yaro, a makon farko ma malamai suna ganin canji. Horon iyaye kuwa zama ne da masani, mako bayan mako, har wata biyu ko uku, kuma ke da mahaifinsa ake koya wa, ba yaron ba: ba da umarni ɗaya gajere a lokaci guda, yaba masa nan take idan ya yi daidai, kawar da kai daga ƙananan ƙiriniya, hukunci mara duka wanda ba ya canzawa yau da gobe, da tsayayyen lokacin barci da tashi. Ribarsa a hankali take zuwa, kuma akwai gajiya, wannan ba a ɓoye shi.

Sai dai shekarun yaro suna juya lissafin, kuma nan ne nake so ki tsaya sosai. Babban binciken da aka fi kafa hujja da shi, wanda aka fitar a Amurka a 1999, ya bi yara 579 tsawon wata 14, ya nuna cewa magani da ake sa wa ido da kyau ya fi horo shi kaɗai rage alamun. To amma waɗannan yara 'yan shekara 7 zuwa 9 ne. Da aka yi wani a kan 'yan shekara 3 zuwa 5 da rabi, aka fitar da shi a 2006, sai aka ga maganin yana aiki amma bai kai yadda yake yi wa manyan yara ba, illarsa kuma ta fi yawa, har kusan ɗaya cikin goma suka daina sha saboda ita. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce yaro ɗan shekara 4 ko 5 a fara masa da horon iyaye, kada a kawo magani sai horon ya gaza kuma matsalar tana da tsanani. Daga shekara 6 ne take cewa a haɗa biyun. A Ingila, ƙa'idar 2018 ta hana ba wa yaron da bai kai 5 ba magani sai wani ƙwararren na biyu ya amince, wanda ya kai 5 ma sai an gyara masa yanayin gida da aji an ga bai wadatar ba. Ɗanki yana daidai kan wannan iyaka.

Illa kuwa, ta magani a fili take: rashin cin abinci, wahalar barci, ciwon ciki ko na kai, ɗan ƙarin bugun zuciya, wasu kuma su riƙa saurin kuka ko fushi da yamma lokacin da yake barin jiki. Yana iya ɗan rage saurin girma, don haka ake auna tsawo da nauyi a kai a kai. Idan akwai ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a ta matashi a danginku, ki faɗa wa likita tun kafin ya rubuta komai. Tsoron da iyaye suka fi yi, kada yaro ya tashi ɗan ƙwaya, bincike bai gaskata shi ba ga wanda ke sha bisa umarnin likita. Horo ba shi da illa a jiki. Haɗarinsa ɗaya ne: a fake da shi ana jira shekara da shekaru, yaro yana shan faɗa da duka, abokai suna gudunsa, har ya yarda shi daƙiƙi ne. Wannan ma rauni ne, kuma ya fi rashin cin abinci wuyar warkewa.

Wajen ɗorewa, magani ba ya warkar da komai. Ranar da ba a sha ba, alamun suna nan. Su yaran binciken 1999 ɗin, da aka sake duba su bayan shekara 3 da farawa, ratar da ke tsakanin rukunin magani da na horo ta ɓace. Abin da kika koya a horo yana nan tare da ke ko an daina zuwa. Amma wannan rashin ɗorewa na maganin yana da nasa alherin: gwaji ne da ake iya janyewa. Ana farawa da ɗan kaɗan, a duba, in bai yi ba likita ya canza ko ya tsayar.

Kafin duk wannan, ki tabbata an gano abin daidai. Sharaɗi shi ne alamun su kai wata 6, kuma su bayyana a wuri biyu ko fiye, ba a aji kaɗai ba. A duba jinsa da ganinsa, a duba ko yana minshari da yankewar numfashi cikin barci, ko ƙarancin jini, ko wata damuwa da ke cin sa. Ki kuma lura ko shi ne ƙarami a ajinsu, domin an sha ganowa cewa ƙananan aji sun fi samun wannan laƙabi, alhali wani lokaci watanni ne kawai suka raba su da sauran.

A ganina, da shekara 5, ki fara da horo, ki yi shi da gaske, ki sa malamarsa a ciki ta zaunar da shi gaba, ta riƙa gutsura masa aiki. Ku yanka wa'adi da likita, kamar wata uku, ki rubuta abubuwa biyu ko uku da kike son su canza. Ma'aunin shi ne wahalar da yaron ke sha, ba gajiyar manya ba. Idan wa'adin ya cika yana nan yana faɗawa titi ba dubawa, yana ji wa kansa ko wasu ciwo, ko makaranta na shirin korarsa, to ki karɓi maganin ba tare da jin kin gaza ba, ki ci gaba da horon tare da shi. Ranar da za a rubuta, ki tambayi likita nawa za a fara da shi, yaushe za ku dawo awo, da alamar da in kin gani za ki kira shi nan take.