Gargaɗi: an sayar mini da gyararrun shakazoba a matsayin sababbi, naira 185,000

Jama'a, yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Na rubuta wannan na goge har sau uku saboda kunya, amma idan na yi shiru gobe wani zai faɗa. Naira 185,000 wani mutum ya karɓe a hannuna a nan cikin Kaduna, da sunan zai kawo mini shakazoba huɗu sababbi na Peugeot 504, wato abin nan na ƙafar mota da ke hana ta lilo in ta taka rami.

Motar ta marigayi Baba ce. Haɗin Kakuri ce a nan Kaduna, daga masana'antar da ta fara haɗa Peugeot a 1975, kuma sabuwa fil ya saye ta. Da ita aka kai mu makaranta, da ita aka kai Hajiya asibiti ranar da aka haifi autanmu. Shekara biyu ina tayar da ita kaɗan-kaɗan: an yi injin, an yi fenti, an sake kujeru. Saura ƙafa. In ta taka rami sai ta yi ta lilo kamar kwalekwale, tayar baya har ta fara cinyewa tudu da kwari. Bakaniken da ke duba mini ita a Tudun Wada ya ce shakazoba sun mutu gaba da baya.

Abin da ke cin raina shi ne ni ba baƙo ba ne a harkar nan. Na san hanyar Panteka, kasuwar ƙarafa da kayan gyaran mota, tun ina yaro, Baba ke riƙe hannuna mu je. Na san bambancin shakazoba mai mai da mai gas: mai gas in ka danne shi ka saki zai miƙe da kansa, mai mai kuwa yana tsayawa inda ka bar shi. Na san 504 da mai mai ta fito, shi ya sa take da laushin nan da kowa ya san ta da shi, kuma shi nake nema don ba na son in mayar da motar Baba mai tauri. To wanda ya san wannan za a ce sakarai ne? Ba sakaci na yi ba, wallahi. An shirya mini ne.

A wani zauren WhatsApp na masu tsofaffin motoci na yi cigiya. Da daddare sai ga saƙon mutumin nan ta bayan fage. Tambayar farko da ya yi mini ita ce ta kashe ni: "Alhaji, taka salun ce ko wagon? Don na baya ba ɗaya ba ne, kar in ba ka wanda ba zai zauna ba." Wannan tambayar. Har yanzu in na rufe ido ita nake ji. Na ce a raina, wanda ya san na bayan salun daban, na wagon daban, na a-kori-kura daban, ai ɗan gida ne. Ɓarawo zai damu da abin da zai zauna da wanda ba zai zauna ba? Ashe kuwa da wannan tambayar yake kama irinmu.

Naira 100,000 na fara turawa. A'a, kafin nan ma ya turo bidiyo, yana fito da su daga kwali mai rubutun Faransanci, yana jan ɗaya da hannu biyu yana nishi don in ga ƙarfinsa. Ya ce ragowar kayan wani tsohon shago ne da aka rufe, sun daɗe a ajiye. Na ce zan zo in gani da idona, ya ce yana Zariya wajen zaman makoki, amma ƙaninsa zai kawo mini. Na yi masa ta'aziyya! Ni da bakina na ce Allah ya jiƙan rai. Sannan na tura 100,000, ragowar 85,000 kuma sai kaya sun iso. Wato ko a nan na yi taka-tsantsan, ban biya duka a gaba ba.

Yaron ya same ni kusa da tashar Kawo bayan magariba, a kan babur, injin bai ma kashe ba. Na buɗe kwali da fitilar waya, na ga baƙin fenti yana sheƙi, na ja ɗaya na ji tauri. Yana ta cewa "Baba ka yi sauri, dare na yi." Na tura 85,000 a tsaye a bakin titi. 100,000 da 85,000, naira 185,000 cif.

Bakanikena ne ya fara tsarguwa, amma ni na ce a ɗaura. Wannan ma yana damuna. Ya juya na gaba a hannunsa ya ce, "Yallaɓai, fentin nan ɗanye ne." Na ce ajiya ce mai kyau. Kun san na gaban 504 aiki ne, don a cikin sifirin yake, sai an sauke ƙafar gaba ɗaya an matse sifirin kafin a canza. Yini guda aka yi, na biya kuɗin aiki daban. Daga Tudun Wada zuwa Mando na dawo, tafiyar ke nan, mai ya jiƙe na gaba na dama har yana ɗiga a ƙasa. Da aka sauke aka kankare fentin, sai ga tabon walda a jikin kowanne. An huda su ne, an zubar da mataccen man, an ɗura wani mai kauri irin na giyar mota, an toshe da walda, an fesa fenti. Shi ya sa suke da tauri a hannu. Sandar ciki duk tsatsa da zane, ita ta yanke robar da ke tare mai. Na baya kuma ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba ma na mota ɗaya ba ne.

Na kira shi a daren. Ya ɗauka, ya ce "Subhanallahi Alhaji, gobe da safe ina wajenka." Tun daga nan lambar a kashe. Sunan da ke kan asusun ma ba shi ne wanda ya gaya mini ba, na gani tun a turawar farko, ya ce na matarsa ne. Na je banki na shigar da ƙorafi, na kai rahoto wurin 'yan sanda. Hotunan hirarmu, shaidar tura kuɗi guda biyu, bidiyon kwalin da hoton waldar duk suna wayata, zan ɗora su da zarar an ba ni izini. Mutum biyu daga zauren sun riga sun ce mini irin wannan tambayar ta salun ko wagon ya yi musu.

Kar ku karɓi kayan mota da daddare. Ku tafi da bakanike, ku kankare fenti da makulli kafin ku biya ko kwabo.

Har yau ban gaya wa Hajiya ba. Jiya ta leƙo ta ga motar a kan jak, ta tambaye ni yaushe za a kai ta Zariya da ita kamar yadda na yi alkawari. Na ce mata saura kaɗan.