Rangadin Makli daga Karachi: bayanin sarakunan Samma ya gamsar, na rassan ƙabilar bai gamsar ba

Kamfanonin yawon buɗe ido da dama a birnin Karachi na ƙasar Pakistan suna shirya tafiyar yini guda zuwa maƙabartar Makli da ke gefen garin Thatta, tazarar kimanin kilomita 100, kuma wanda na bi ya yi alkawarin bayyana tarihin ƙabilar Samma da rassanta. Motar tana da na'urar sanyaya iska, an kuma tashi a kan lokaci.

Jagoranmu ya san tarihin sarauta sosai. Ya faro daga Jam Unar, wanda ake dangantawa da kafa daular Samma bayan raunin daular Soomra da ta gabace ta a tsakiyar ƙarni na 14, ya kuma ambaci rasuwar Sarkin Delhi Muhammad bin Tughluq kusa da Thatta a 1351 yana tsakiyar yaƙi. Inda ya fi burge ni shi ne hubbaren Jam Nizamuddin na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1461 zuwa 1508. Gini ne mai kusurwa huɗu na dutse ruwan ƙasa-ƙasa, ba a taɓa ɗora masa ƙubba ba, kuma jagoran bai gaggauta mu ba har sai da ya nuna mana layin ayoyin Alƙur'ani da aka sassaƙa kusa da zanen furannin bado, da 'yar barandar bangon yamma mai salon magina na yankin Gujarat da ke Indiya. Wannan tsayuwa kaɗai ta cancanci kuɗin da aka biya.

Da aka zo batun rassa kuwa, sai bayanin ya zama jerin sunaye: Unar, Abro, Junejo, sannan Jadeja na yankin Kutch a Indiya, waɗanda su ma suke jingina asalinsu ga Samma. Bai ce komai ba game da inda kowane reshe yake zaune a yau, bai kuma bambanta abin da marubuta tarihi suka rubuta da abin da dattawa ke faɗa na salsala ba, alhali wannan shi ne rabin abin da aka tallata. Ko faɗuwar daular Samma a hannun daular Arghun wajen 1520 a tsaitsaye ya faɗe ta, muna komawa mota.

Mai sha'awar gine-gine zai gamsu, musamman idan ya je lokacin sanyi, domin inuwa ta yi ƙaranci a filin. Mai neman nasabar rassan kuwa, gara ya nemi jagora ɗan Thatta tun kafin ya biya.