Karatu a waje ko karatu daga gida: zaɓin mai iyali

Wanda ya haura shekara arba'in, ga iyali, ga kuma ƙishirwar ilimi ba ta sake shi ba, hanya biyu ce a gabansa: ya haɗa kaya ya tafi ƙasar waje, ko ya yi karatun daga ɗakinsa ta intanet.

Tafiya tana da abin da kwamfuta ba ta bayarwa. Za ka tare malami a bakin ƙofa da tambayar da ta hana ka barci, ka yi muhawara da ɗalibai daga ƙasashen da ba ka taɓa takawa ba. Digiri na biyu a Ingila galibi shekara 1 ne, a Amurka yakan kai 2. Sai dai tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ke nan autanka zai fara tafiya kana kallo ta waya, hoton yana tsinkewa. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Karatu daga gida kuwa ba yau aka fara ba. Tun 1969 aka kafa Open University, jami'ar karatu daga gida, a Birtaniya saboda irin waɗannan mutane. Aikinka na hannunka, yaranka na gefenka. Wuyarsa, ba ka buɗe littafi sai ƙarfe 11 na dare, ido na lumshewa, kuma in ka yi sake ba mai tuna maka.

Ni dai in yara ƙanana ne, gida zan zauna, tafiyar in taƙaita ta ga taron ilimi na mako guda.