Majigi ko Samfurin Magudana: Wanne Ya Fi Koyar da Duba-gari?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne ya fi amfani a da wajen horar da ma'aikatan tsafta: majigi, ko samfurin magudanar ruwa da ake ɗorawa a tebur. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a nan Gombe, ga abin da na gani.

Majigi na jama'ar gari ne. Bayan annobar da ɓeraye suka yaɗa a Legas tun daga 1924, wani jami'in lafiya mai suna William Sellers ya shiga haɗa finafinan tsafta ana yawo da su a mota, har aka ba shi shugabancin sashen finafinai na Turawan mulkin mallaka a 1939. A nan Arewa akan kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da daddare, mai fassara na ta bayani a lasifika. Wajen tara mutane kam, babu kamarsa. Sai dai gari na wayewa motar ta yi gaba, wanda bai gane ba ya rasa wanda zai tambaya.

Samfuri kuwa na ɗalibi ne, irin wanda zai zama duba-gari, aikin da Makarantar Tsafta ta Kano ke horar da mutane a kai tun 1932. Bututu ne da aka tsaga biyu, ko aka yi da gilashi, don a ga cikinsa. Ɗauki lanƙwasar nan ta ƙarƙashin masai na zamani. Ka zuba ruwa, wani ya wuce, wani ya kwanta a gindin lanƙwasar ya tare hanya, shi ya sa wari ba ya dawowa ɗaki. Ka kwashe awa guda kana faɗa da baki, yaro kai kawai yake gyaɗawa. Ya zuba da hannunsa sau ɗaya, shi ke nan ya zauna masa.

Inda samfuri ya yi wa majigi fintinkau shi ne gangara. Nakan cika faranti mai faɗi da yashi, in ja layin kwata da yatsa, in miƙa wa ɗalibi buta. In farantin na kwance, ruwa ya tsaya cak, gidan sauro ke nan. In ya ɗaga shi da yawa, ruwa ya zabga ya yanke yashin. Duk ɗan Gombe da ya ga haka sai ya yi shiru, domin ya san yadda kwazazzabo ke cin gidajen mutane duk damina.

Don haka in ɗalibai za ka koyar, ajiye bidiyon wayar nan tukuna, jikan majigi ne. Nemi guntun bututun roba, yashi da buta, ka haɗa da ledar ruwa guda ɗaya, ka bari su cusa ta a bututun da kansu su ga inda ruwan zai bi.